Tunkiyar da aka yanka mini a ƙauyen Wallo

Na san duk lokacin da watan Disamba ya kama, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisun ta'alim ɗinmu: shin ya halatta in ci abincin Kirsimeti da maƙwabciyata ta aiko mini? In ta gaishe ni, me zan amsa mata? Tambaya ce mai kyau, ni ma na yi ta. Malamai sun yi saɓani a kan gaisuwar, irin su Ibnul Ƙayyim sun hana, irin su Shaihu Yusuf Alƙardawi sun ba da dama in an yi ta ne don kyautata zama, kuma ba ni ce zan raba musu gardama ba. Abin da nake so mu tattauna yau wata tambaya ce da ke kwance a ƙarƙashin waccan, wadda ban taɓa ji an yi wa malam ita ba: idan wanda ba addininku ɗaya ba, kuma wanda kika fi shi abin hannu, ya yi miki alherin da ya fi ƙarfinsa, kin iya karɓa kuwa?

Ni dai ban iya ba. A ƙasar Habasha na gane haka, a watan Janairun 2019.

Mun yi shekara huɗu a Adis Ababa saboda aikin maigidana. Maƙwabciyata a can malamar makaranta ce, Kirista 'yar ɗariƙar Otodoks. A 2017 aka yi mini tiyata maigida yana tafiya, ita ce ta kwana huɗu a kan kujera a gefen gadona, ƙanwarta kuma ta riƙe mini yarinya. Daga nan muka zama abin da muka zama. Saboda haka da suka ce lallai in bi su ƙauyensu bikin Kirsimeti, mahaifiyarsu na son ganina, na rasa bakin cewa a'a. Maigida ya amince, na ɗauki 'yata mai shekara 9 muka bi su.

Kirsimetinsu ba ranar 25 ga Disamba yake ba. Ranar 7 ga Janairu suke yi, suna kiransa Genna, domin kalandarsu daban ce, wata 13 gare ta. Kafin ranar sukan yi azumin kwana 43, ba nama, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu. Ki ƙiyasta yadda mutum zai ɗoki nama bayan haka. Daga Adis Ababa zuwa garin Dese a yankin Wallo kusan kilomita 400 ne, yini guda muka yi a mota muna hawa da gangara a duwatsu. Washegari muka shiga wata ƙaramar mota, daga inda ta tsaya kuma jaki ya ɗauki kaya muka taka da ƙafa. Sanyin wurin kuwa, ke dai bari, na Jos wasa ne.

Bari in tona wa kaina asiri. A ƙasan jakata na ɓoye kifin gwangwani shida, da ƙuli-ƙuli, da garin kwaki. Na riga na ƙudurta cewa zan yi ta kauce-kauce ne har mu dawo, in ce cikina ba daɗi. Duk tunanina a hanya shi ne yadda zan tsare addinina daga mutanen nan.

Ashe tsohuwar ta riga ni. Emaye muke ce mata, wato Inna. Mijinta ya rasu, dukiyarta a duniya gona ce 'yar ƙarama, da sa ɗaya, da tumaki huɗu. Muna isa, bayan an gama rungume-rungume, sai ta sa ɗiyarta ta fassara mini: ga ɗakina, ga buta, ga tabarma sabuwa, alƙibla kuma ga ta nan. Ta nuna arewa. Na yi turus, don mu a gida gabas muka sani, har kalmar ta zama sunan alƙibla a bakinmu. Gaskiyarta ce, daga Wallo Makka tana arewa sak. Ta sani ne domin mafi yawan maƙwabtanta Musulmi ne, tare suka tsufa.

Sai maganar nama. A can ma suna yin watanda kamar mu, kirca suke ce mata: magidanta su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka a kasa. Amma Kiristocinsu da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki suke yanka, kuma tsohuwar al'ada ce a ƙasar cewa Musulmi ba ya cin yankan Kirista, Kirista ma ba ya cin yankan Musulmi. A bukukuwan aure na gidajen da ke da dangi ta ɓangare biyu, dabba biyu ake yankawa, tukunya biyu ake ɗorawa, ba wanda ke jin haushin wani. To Emaye ta karɓi kasonta na watanda don iyalinta, sannan ta kira wani dattijo Musulmi maƙwabcinta ya yanka ɗaya daga cikin tumakinta huɗu da bisimilla. Ta aro tukunya da wuƙa daga gidan matarsa, matar ce ma ta zo ta dafa. Ki lura da kyau 'yar'uwa: naman nan ita da 'ya'yanta ba za su ci ko tsoka ɗaya ba. Don baki biyu aka yanka, ni da yarinyata. Abin da ya rage gidajen Musulmin unguwa aka rarraba.

Daren bikin suka yafa fararen mayafansu suka tafi coci, can suka kusa kwana. Ba wanda ya ce in zo, ko da wasa. 'Yar dattijon nan aka turo ta taya ni kwana, muna jiyo ganguna daga nesa, da asuba muka yi salla tare. Da rana aka shimfiɗa ɗanyar ciyawa a tsakar ɗaki, aka kawo injera, wato wata faffaɗar waina mai tsami da ake yi da tef, ƙwayar da ta fi acca ƙanƙanta. Su da tasu akushin, mu da tamu, amma gwiwa na gugar gwiwa. Su suna shan abin da suke sha, mu aka dama mana zuma da ruwa. Aka soya gahawa a gabanmu, aka daka, aka dafa, ana turare, aka sha zagaye uku, na ukun sunansa baraka. Gaisuwar da na ji suna yi wa juna ma'anarta barka da Allah ya kawo mu wannan rana, kuma ita ce dai Kiristocin ke yi wa Musulmi ranar Idi. Ita na yi wa Emaye, zuciyata ba ta yi mini ɗar ba. Samari kuma suka fita fili suna wani wasa da sanduna masu lanƙwasa da ƙwallon itace, shi ma Genna ake kiransa.

Kwana uku muka yi. Kifin gwangwanina ko buɗe shi ban yi ba. Amma tunkiyar nan ta hana ni sakat. Ina ci ina lissafi: kashi ɗaya cikin huɗu na garkenta ke nan na cinye. Daren da za mu tafi na ƙiyasta kuɗin tunkiya, na ƙara wani abu a kai, na sa a ambulan na tura ƙarƙashin matashin kai. Na ji sanyi a raina, na ce na fita haƙƙi.

Ba mu kai bakin hanya ba sai ga jikanta ya biyo mu a guje, ambulan a hannu. Ƙawata ta karɓa ta leƙa, fuskarta ta sauya. Ta tambayi yaron abin da kaka ta ce, ya faɗa, ta yi shiru. Sai da na matsa mata sannan ta fassara mini: wai a tambayi 'yata, wane laifi na yi mata da ta mai da gidana masaukin haya?

Har muka iso Adis Ababa ina kare kaina a zuci. Kuma ba zan ɓoye miki ba, hujjata ba ta banza ba ce. Matar nan talaka ce. Addininmu da ya yi umarni da girmama baƙo, shi ne kuma ya iyakance liyafa da kwana uku, ya hana baƙo zaman da zai ƙuntata wa mai gida. Hausawa ma sun ce baƙo raɓa ne. Mai hali ya je gidan mara hali ya ci ya share baki ya tafi, wannan ai ba mutunci ba ne, kuma mun san masu yin haka, su je ƙauye da mota a cika musu but da hatsi da kaji, su bar naira ɗari biyar a hannun yara. In da abin da na yi ke nan, da na fi jin kunya. Saboda haka tausayin da na ji gaskiya ne, ban ƙaryata shi ba har yau.

Sai dai da na zauna na bincike kaina, na tarar ba tausayi kaɗai ne a cikin ambulan ɗin ba. Me ya sa na ƙiyasta kuɗin tunkiya daidai? Me ya sa na ɓoye, ban miƙa mata hannu da hannu ba? Domin so nake in biya. Wanda ya biya kuwa ya rufe lissafi, ba a bin sa komai, yana iya tafiya bai waiwayo ba. Abin da ya dame ni shi ne in kwana da nauyin wata tsohuwa 'yar ƙauye, ba Musulma ba, a wuyana. Mu matan ƙungiya mun saba da bayarwa. Mu ke kai shinkafa gidan marayu, mu ke raba atamfa da azumi, kuma an karantar da mu falalar hannun da ke sama a kan na ƙasa. Gaskiya ne, amma wannan magana ce a kan roƙo da kamewa daga gare shi. Mu kuma muka shimfiɗa ta har ta rufe kyauta, muka wayi gari ba mu jin daɗin kowace alaƙa sai wadda mu ne a sama. Manzon Allah (SAW) ba ya cin sadaka, amma yana karɓar kyauta, yana kuma sakawa a kanta. Ya amsa gayyatar talakawa, ya ci gurasar sha'ir a gidajensu.

Abin mamaki, mu matan Hausa mun fi kowa sanin wannan. Dubi yadda muke biki. Ƙawarki ta kawo miki gudummawa ranar suna, ke ba ki mayar mata washegari, kuma ba ki mayar da daidai abin da ta kawo. Jira kike sai nata ya taso ki kai fiye. In kika aika mata da kuɗinta cif-cif bayan kwana biyu, ai ta gane saƙon: kin yanke ƙawance. To abin da na yi wa Emaye ke nan, da harshen da ita ma take ji sarai.

Akwai kuma abin da ya kamata a ce na tuna tun ina kan ƙasar. A shekarar 615, shekara ta biyar da aiko Manzo (SAW), da azabar Kuraishawa ta yi tsanani, Habasha ya tura sahabbansa, wurin sarki Kirista, Najjashi. A cikinsu akwai 'yarsa Ruƙayya da mijinta Usman, akwai Ummu Salama wadda ta ruwaito mana labarin zaman, akwai Ummu Habiba, akwai Asma'u bintu Umais matar Ja'afar (Allah ya yarda da su). Ja'afar da iyalinsa ba su iso Madina ba sai shekara ta 7 bayan hijira, lokacin Khaibar. Fiye da shekara goma ke nan suna zaune a inuwar mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Mukan ba da labarin don mu nuna ƙarfin imaninsu, yadda Ja'afar ya karanta Suratu Maryam a fada bai sassauta aƙidarsa ba ko kaɗan. Haka ne. Amma ki tuna su ne masu karɓa a wannan zama, su aka ba mafaka, kuma hakan bai rage musu daraja ba. Da Najjashi ya rasu, Manzo (SAW) ya sanar da sahabbai ya yi masa sallar gawa daga Madina. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana mun haddace ta a matsayin izinin mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa wani lokaci kyautatawar ita ce ki bar su su ma su kyautata miki ba.

Ba ina cewa ki je ko'ina ki ci komai ba ne, kar a ce na ce. Da an kawo mini giya da ban sha ba, da an ja ni coci da ban shiga ba. Abin da na gani dai shi ne, iyakokin da na tafi ina fargabar tsarewa, matar da ta fi kowa riƙo da addininta a gidan ita ce ta tsare mini su, da kuɗinta. Inda na faɗi wani wuri ne da ban sa wa gadi ba.

Na ba ta haƙuri ta waya, ɗiyarta na fassara. Ta yi dariya ta ce yarinta ce. Da za su koma ƙauye bikin Ista na aika da gahawa, da sukari, da bargo mai kauri, ta karɓa da murna, har ta sa aka gaya mini bargon ya yi. A 2020 muka dawo Najeriya.

A ƙarshen Oktoban 2021, a yaƙin arewacin Habasha, mayaƙan Tigrai suka kama Dese da Kombolca, sai a Disamba sojojin gwamnati suka karɓe su. Makonni ba waya, ƙawata a Adis Ababa ba ta san ko uwarta na raye ba, ni ma nan ba barci. Da layi ya dawo aka tarar tana nan, amma ba sa, ba tumaki, rumbu kuma wayam. A watan Janairun 2022 ƙawata ta kira ni, tana ta kewaye-kewaye, na ji dai akwai magana. Daga ƙarshe ta ce Emaye ce ta aiko ta. Ta hana a roƙi kowa a cikin abokan aikinsu, amma ta ce a gaya wa 'yarta ta Najeriya ana bukatar san noma kafin shuka, ita ba baƙuwa ba ce, ta ci abincin gidan.

Na tura, maigida ma ya ƙara. Watanni bayan haka wani ɗan kasuwa da ya biyo ta Adis Ababa ya kawo mini ƙulli har gida: ɗanyar gahawa ce wajen kilo biyu, da farin mayafi saƙar hannu na yarinyata, an ɗan ƙara masa tsawo domin Emaye ta ce ta san yanzu ta girma. Gahawar ta daɗe da ƙarewa. Ina nan ina tambayar masu zuwa can, ko akwai wanda jakarsa za ta ɗauki turmin atamfa da ɗan kilishi, na rabon maƙwabtanta.