Kuɗin Jama'a a Rufin Mutum Ɗaya: Adalci Ne?

Tun 2020 gwamnatin Faransa ke biyan wani kaso na kuɗin gyaran gidaje ƙarƙashin shirin MaPrimeRénov', domin su rage cin wuta da gas. Kamaru kuwa farashi ta zaɓi ta danne. An daɗe ana riƙe tukunyar gas mai kilo 12.5 a kan sefa 6,500 a hukumance, kuma farashin wutar gidaje da aka yanka a 2012, daga sefa 50 kowane kilowat-awa ga mai ƙaramin amfani zuwa 99 ga mai babba, ya haura shekara goma bai motsa ba, baitulmali na cike giɓin. Ashe dama ana kashe dukiyar al'umma a kan makamashin gidaje. Abin dubawa shi ne: ya halatta a karkatar da wani ɓangarenta zuwa silin, waya da murhun wani gida a unguwar New Bell ta birnin Duwala? A ganina ya halatta, har ma ya fi kusa da adalci.

Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da shugaba zai yi da dukiyar talakawa dole ya rataya a kan maslaharsu, Alƙur'ani kuma ya hana almubazzaranci a Suratul A'araf da Suratul Isra'i. Mun saba jingina wannan zunubi ga mai hali, alhali akwai ɓarnar da talauci ke tilasta wa mutum. New Bell, wadda ta samo asali daga tashin da Jamusawa suka yi wa mutanen Duwala gab da 1914, ta zama matattarar baƙi, ciki har da Hausawa 'yan kasuwa, aka yi ta gini a cunkushe. Ɗaki mai rufin kwano ba silin, cikin zafi da laimar Duwala, sai fanka ta kwana tana juyawa. Firjin gwanjo da tsohon ƙwan fitila kuma su zuƙe abin da ya rage a mita. Tallafa wa farashi a irin wannan gida zuba ruwa ne a tulu mai yoyo. Ga kuma rashin daidaito: mai yawan sayen gas shi ke kwasar tallafi mai yawa, uwargidan da ke girki da gawayi ko sisi ba ta gani.

Wani zai ce gida mallakar mutum ne, bai kamata a gyara shi da harajin kowa ba. Amma amfanin ba ya tsayawa a bakin ƙofa. Unguwa guda taransifoma ɗaya take rabawa, saboda haka duk gidan da ya rage nauyi ya sauƙaƙa wa maƙwabta. Tsohuwar waya idan ta kama da wuta a lungun da motar kwana-kwana ba ta iya shiga, ba ta tambayar katangar wa ke gaba. Kare rai da kare dukiya suna cikin manyan manufofin shari'a, kuma ga su nan duka biyu.

Wani kuma zai ce a fara kawo wutar tukuna kafin a yi zancen tattalinta. Hujjar tana da ƙarfi ga duk wanda ɗaukewar wuta ta taɓa lalata wa kaya. Sai dai madatsar Nachtigal a kogin Sanaga, mai ƙarfin megawat 420, ta ci shekaru da kuɗi masu ɗimbin yawa, kuma wutarta sai ta bi layukan da suka riga suka gaji kafin ta isa Duwala. Wutar da aka yi tattalinta a cikin gida ba ta buƙatar sabon layi, kuma ana samunta cikin kwanaki.

Ƙorafin da ya fi nauyi na 'yan haya ne, kuma suna da yawa a New Bell. Idan aka ba mai gida tallafi ya gyara, gobe ya ƙara kuɗin haya, an yi amfani da harajin talaka an kore shi. Faransa ta haɗa tallafi da takunkumi: daga Janairun 2025 ta hana bayar da hayar gidajen da suka fi ɓarnar makamashi. Mu ma sai da sharaɗi. Abin da ake iya ɗauka, kamar ƙwan LED, murhun gas da tukunyarsa, a damƙa shi hannun ɗan haya ya zama nasa. Silin da waya kuwa, a ba mai gida bisa rubutacciyar yarjejeniya cewa ba zai ƙara haya ba na wasu shekaru, sarkin unguwa da liman su shaida. A bayar da kaya da aiki maimakon tsabar kuɗi, a kuma kafe sunayen waɗanda suka samu a bainar jama'a. In babu waɗannan sharuɗɗa, tallafin ya zama cin amana. In akwai su, gwamnati ba alfarma ta yi ba, haƙƙin da ke wuyanta ta sauke.