Kuskuren Ɗaya, Hisabin Biyu

Duk wanda ya taɓa zama ya kalli wasan tanis na maza bibbiyu, ko a Wimbildon ta ƙasar Ingila ko a birnin Niyok na Amurka, in dai mai lura ne, ba zai rasa cin karo da wata mas'ala ba, ita ce ƙwallon da ta faɗa raga hannu ɗaya ne ya buga ta, amma alƙali, sa'ad da ya ɗaga murya ya faɗi maki, ba ya tambayar hannun wane ne, sai ya aza asarar a kan mutum biyu baki ɗaya. An faɗaɗa musu fili daga mita 8.23 zuwa mita 10.97, amma ba a raba musu hisabi ba. To, mu da aka yi wa tarbiyya a kan cewa ranar gobe kowa kayansa zai ɗauka, ya kamata mu tambayi kanmu, shin wannan hukunci adalci ne, ko kuwa zalunci ne da ido ya saba da shi?

Malaman fiƙihu sun riga mu tsayawa a wannan gaɓa, ko da yake kasuwa da sana'a suke dubawa, ba filin wasa ba. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risala, ya halatta tarayyar jiki, wato mutum biyu su haɗa ƙarfinsu da gwanintarsu ba tare da jari ba, bisa sharaɗin su yi aiki ɗaya, ko mai kama da juna, a wuri ɗaya. Imamu Shafi'i kuwa ya ƙi ta, domin a ganinsa akwai garari a cikinta, tun da aikin wannan ba zai taɓa zama daidai da na wancan ba, kuma babu ma'aunin da zai auna su. Ban ɗauki hujjarsa da wasa ba, gama a kowace karawa lalle akwai wanda ya fi ɗan'uwansa zufa, alhali kuwa a ƙarshe kofi ɗaya za su ɗaga, sunayensu kuma a jere za a rubuta.

Duk da haka ra'ayin Malikiyya, wato na Shehu Alƙairawani, ya fi kwanta mini, kuma tagwayen nan na Kalifoniya, Bob da Mike Bryan, waɗanda aka haifa a 1978, su ne suka fi bayyana mini dalili. Ɗaya bahago ne, ɗaya na-dama, sun ci kofi 119 tare, 16 daga ciki a manyan gasa huɗu na duniya, ga kuma zinariyar Olimfik ta Landan a 2012. Tun suna yara iyayensu suka hana su karawa da juna a gasa, in an haɗa su sai ɗaya ya janye, gobe kuma ɗayan, don kada zuciyarsu ta koyi ƙirga wane ya fi wane. Wanda ya kalli wasansu da idon basira zai gane cewa bugun da ake kira na Bob sau da yawa ba nasa ne shi kaɗai ba, domin Mike ne, yana tsugune a gindin raga, ya yi masa ishara da yatsu a bayansa cewa ga inda za a aika ƙwallo, ga kuma inda shi zai tsallaka, kuma motsin kafaɗarsa ne ya ruɗi abokin gaba har ya mayar da ita sakaka. Haka nan kuskure: wanda ya zubar da ƙwallo a raga, wataƙila ɗan'uwansa ne ya bar masa ita a mugun wuri. Ashe alƙalin da ya ƙi raba hisabi bai rufe ido ga gaskiya ba, ya san dai cewa aikin ya cakuɗe ta yadda mai neman raba shi shi ne zai yi zalunci.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi, kuma ina kawo shi da ladabi, ba don in daidaita ibada da wasa ba, Allah Ya kiyaye, sai don hikimar shari'a tana haskaka ƙananan al'amura. Idan liman ya yi rafkanuwa, mamu yakan bi shi ya yi sujadar ƙabli ko ba'adi, ko da shi bai manta da kome ba. Idan kuwa mamu ne ya rafkana a kan wata sunna, liman ya ɗauke masa. Shari'ar da ta tabbatar da cewa ba a kama wani da laifin wani, ita ce kuma ta koya mana cewa wanda ya shiga sahu da yardarsa ya karɓi rabonsa daga tuntuɓen jama'a. Amma sai a lura, abin da ake ɗaukewa mantuwa ce, ba ganganci ba. Saboda haka nake girmama al'adar 'yan wasan nan ta taɓa hannun juna bayan kowane maki, an ci ko an faɗi, domin ma'anarta ita ce na ɗauke maka wannan, kai ma za ka ɗauke mini na gaba. Wanda kuwa ya yi sakaci da gangan, ko ya sayar da wasa ga 'yan caca, ya ci amana, kuma babu hannun da zai ɗauke masa.

Sai dai hisabin alƙali yana da iyaka, ba ya wuce zahiri. Leander Paes da Mahesh Bhupathi na ƙasar Indiya sun kai wasan ƙarshe a dukkan manyan gasa huɗu a 1999, suka ci ta Faransa da ta Wimbildon, daga baya zukata suka ɓaci, suka rabu. A 2006 ƙasarsu ta sake haɗa su a wasannin Asiya a birnin Doha, suka ci zinariya alhali ba sa ga-maciji, littafin gasa kuma ya rubuta musu nasara ɗaya, daidai da yadda zai rubuta wa masoya biyu, domin ba shi da gurbin da zai rubuta niyya, ko haƙurin da ɗaya ya haɗiye, ko ƙullin da ɗayan ya riƙe. Waɗannan suna wurin Wanda ba a ɓoye masa kome, kuma a can kowa shi kaɗai zai tsaya. Da hukumar tanis ta Indiya ta so ta sake haɗa su domin Olimfik ta 2012, Bhupathi ya ƙi, ya zaɓi Rohan Bopanna, Paes kuma aka haɗa shi da Vishnu Vardhan, kuma ban ga laifin ƙin ba, tun da tarayyar da malamai suka halatta ƙulli ce da ba ta inganta sai da yardar ɓangarorin biyu.