Gargaɗi Ga Masu Yi Wa Ƙafar Mota Walda

Wani mugun aiki yana yaɗuwa a garejojin bakin iyaka, daga Riko har Magamar Jibiya, kuma sunansa ha'inci, ko da masu yin sa suna ce masa gyara. Za a kawo tsohuwar mota ƙafarta ta gaji. Maimakon a sauya abin da ya mutu, sai a liƙe tsagaggen tayarod da walda, a cusa yankakkiyar taya tsakanin zoben sifirin, ko a ɗauko sifirin babbar mota a tura shi inda ba nasa ba. Wannan aikin sifirin duk don kada bayan motar ya zauna ƙasa ne in an lafta mata lodin da ya fi ƙarfinta.

Peugeot 504, alal misali, ba motar rainawa ba ce. Ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi shekaru yana harhaɗa ta, kuma ƙafarta mai shanye ramuka ce ta yi mata suna a Afirka. Mai dogon bayan ma sifirin huɗu aka sa mata a baya, biyu a kowane gefe, don an san za ta ɗauki kaya. Amma maƙeranta sun auna sifirin da shokozoba da birki da taya da bodi ne a tare. Buhu 20 na shinkafa mai kilo 50 tan guda ne cur. Wa ya ce an ƙera 504 ko Golf don tan guda, ga jarkoki a sama, ga mutane a gaba?

Idan bayan mota ya zauna, gaya maka take yi kayan sun isa. Wanda ya ƙara mata sifirin bakinta kawai ya toshe. Birkin nan shi ne dai na jiya, yanzu kuma an ce ya tsayar da nauyin da ba a yi shi dominsa ba, sai ya yi zafi ya daina kamawa. Tayar nan ita ce dai ta jiya, galibi ma ta gwanjo, tana gasuwa a kwalta har ta fashe. Nauyi ya taru a baya, tayoyin gaba sun yi sakayau, direba yana murza sitiyari mota tana tafiya inda ta ga dama. An ɗaga ta sama, an ɗora kaya a rufi, kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta kifar da ita. Sifirin da aka cushe da roba kuwa ya daina lotsawa, saboda haka duk dukan rami a bodi yake sauka, har mazaunin shokozoba ya tsage.

Waldar ita ce mafi muni. Ƙarfen tayarod da na boljoyin da na sifirin an gasa su ne a masana'anta da awo, zafin walda kuwa yana ɓata wannan gashi. Ƙarfen da aka liƙe haka ba ya kuka, ba ya lanƙwasa a gani a tsaya, karyewa yake yi farat ɗaya, mota tana cikin gudu. Malam bakanike, kai ka fi kowa sanin haka. Don me kake shafa masa baƙin mai don kada mai mota ya gani? Za ka sa mahaifiyarka a motar da ka yi wa wannan aiki?

Na san uzurin. An rufe iyaka a Agustan 2019, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, harka ta koma ɓarauniyar hanya, kowa yana son ya kwashe kayan sawu uku a sawu ɗaya. Kayan gyaran mota sun yi tsada a kasuwar Ƙofar Ruwa, gaskiya ne. To, tsadar tayarod ta kai tsadar rai?

Kuma abin ba ya tsayawa kan mai fasa-ƙwauri. In motar ta gama wahala a daji, fenti ake yi mata a sayar, ta shiga layin tasha. Ita ce za ta ɗauki mai ciki zuwa asibiti a Katsina, ita ce za ta kwashi 'yan biki ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Babu wanda ya gaya musu akwai walda a ƙarƙashinsu. Ranar da ƙarfen ya saki, taya ta karkace, motar ta tsallaka hannun wani ta haɗu da tirela ko ta afka wa masu talla a bakin titi. Sai a yi jana'iza, a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke hannun wanda ya riƙe waldar.

Gyara na gari sananne ne: a sauya shokozoba biyu tare, a sa sabbin robobi, a jefar da tsagaggen ƙarfe, a mayar da sifirin irin na motar, a kai ta a daidaita tayoyi. Shugabannin kanikawa, ku hana wannan aiki a garejojinku, ku hukunta wanda ya ƙi ji. Shugabannin tasha da jami'an kiyaye haɗurra, ku riƙa leƙa ƙarƙashin mota kafin ta yi lodin mutane. Kai kuma direba, in kuɗin sabon ƙarfe bai samu ba, ajiye motar har ya samu.