Haƙƙin Wanda Aka Tuhuma Da Lalata A Shari'ar Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah Mai adalci, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata tambaya da takan taso duk lokacin da aka gurfanar da mutum gaban alƙali bisa tuhumar zina ko fyaɗe. Jama'a sukan ce, yaya mai tsoron Allah zai miƙe ya kare irin wannan mutum? Sukan ɗauki lauyan da ya karɓi shari'ar abokin ɓarna, har wasu suna ganin sauraron wanda ake tuhuma ɓata lokaci ne. Kishin addini ne ya haifi wannan fushi, amma Shari'a ba ta goyi bayansa ba.

Dalili kuwa shi ne, tuhuma daban, laifi daban. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce mutum kuɓutacce ne tun asali, hujja kuwa tana wuyan mai ƙara. A sha'anin zina sai aka ƙara tsanantawa, aka shar'anta shaidu huɗu, maza, adalai, waɗanda suka ga abin da idanunsu, maganarsu kuma ba ta saɓa wa juna ba. Wanda ya jefi wani da zina bai kawo su ba, aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke masa bulala 80, ta kuma zubar da shaidarsa.

Magabata sun yi aiki da wannan ko da ya yi ɗaci. A zamanin Sayyadina Umar an tuhumi Mugira ɗan Shu'uba, gwamnan Basra. Mutum uku suka ba da shaida, na huɗu, wato Ziyadu, bai tabbatar ya ga aikin kansa ba. Sai Halifa ya sallami Mugira, ya sa aka yi wa ukun nan haddin ƙazafi, alhali a cikinsu akwai sahabi Abu Bakrata. Haka kuma da Ma'izu ya kawo kansa wurin Manzon Allah yana iƙirari, an kawar da kai daga gare shi sau da dama, aka bincika ko yana da taɓin hankali, ko ya sha abin maye. Daga nan malamai suka fahimci cewa haddi yana faɗuwa da shubuha, kuma mai iƙirari yana iya janye maganarsa. Malikawa sun wajabta wa alƙali yin i'izari, wato kafin ya yanke hukunci ya tambayi wanda shari'a za ta kayar ko yana da sauran hujja. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya zo daidai da wannan, ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da bakinsa ko ta hanyar lauyan da ya zaɓa.

An ga amfanin wannan a Jihar Katsina. A watan Maris na 2002 kotun Shari'a ta Bakori ta yanke wa wata bazawara hukuncin jifa saboda ta haihu ba ta da aure, babbar kotun Shari'a ta Funtuwa kuma ta tabbatar. Ran 25 ga Satumba 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta soke hukuncin da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar. Daga cikin dalilanta akwai cewa matar tana da ikon janye iƙirarinta, kuma a mazhabar Maliki ciki yana iya kwanciya har shekara biyar, saboda haka ana iya jingina abin da ta haifa ga tsohon mijinta. Da littattafan fiƙihu aka kare ta, da su kuma aka sallame ta.

To, mai hankali zai ce, ina haƙƙin yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wadda ba ta da shaidu huɗu? Wannan tambaya ce mai nauyi. Shaidu huɗu sharaɗin haddi ne, rashinsu bai ɗaure hannun alƙali ba. Yana iya hukunta azzalumi da ta'aziri bisa alamu masu ƙarfi, kamar yadda rigar Annabi Yusufu, da aka same ta a yage ta baya, ta bayyana mai gaskiya. A yau binciken likita yana cikin irin waɗannan alamu. Imamu Malik ya ɗora wa wanda ya tilasta wa mace biyan sadakin irinta, ita kuwa babu haddi a kanta. Alƙali Ibnul Arabi ma ya sa masu tare mata da makami a layin 'yan fashi. Bincike na tsanaki shi ne gatan yarinyar nan, domin idan aka yi gaggawa aka kama wanda bai ji ba bai gani ba, mai laifin na gaskiya ya tsira ke nan, zai kuma sake.

Saboda haka lauyan da ya tsaya domin a bi ƙa'ida yana taimakon alƙali ne a kan adalci, muddin bai shirya ƙarya ba, bai sayi shaidu ba, bai kuma tozarta mai ƙara don ya rufe mata baki ba. Idan ya aikata ɗaya daga cikin waɗannan, ya shiga cikin zunubin. Sauran jama'a kuwa aikinsu kame harshe ne, su tuna cewa Nana A'isha ta yi kusan wata guda cikin baƙin cikin ƙazafi a Madina kafin wahayi ya wanke ta.

Allah Ya ba alƙalai basira, Ya kare mutuncin bayinSa, Ya saka wa duk wanda aka zalunta, amin.