Dala Biyar Kowane Shafi

Duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan ya san ɗumin takardar da ta fito daga injin fotokopi, ya kuma san layin ɗalibai, kowa rungume da littafin aro. Ni ma da wannan injin na yi karatuna. Littafin da malami ya ce dole a karanta daga Faransa yake zuwa, kuɗinsa ya kai jika ashirin, a ɗakin karatu guda ɗaya ne tak, mu kuwa mun haura ɗari a aji. Wajen mai inji shafi dala biyar ne. Ban taɓa kwana da tunanin na ci haƙƙin wani ba, don marubucin a wurina suna ne kawai a bango, wani Bature da ban san ko yana raye ba.

Sai da na rubuta nawa na gane cewa sunan nan na bango yana da ciki, yana da iyali. Ɗan ƙaramin littafi ne a kan nahawun Hausa, na buga shi da kuɗin aljihuna bayan shekara uku ina fama. Rabin kwalayen har yau suna ƙarƙashin gadona. Amma littafin ya shiga hannun ɗalibai ta hanyar da ni ma na sani sarai.

Abu biyu suka same ni cikin shekara guda. Na farko, wata ɗaliba ta tare ni bayan wani taro, ta miƙo mini littafina da aka yi wa fotokopi tun daga bango har bango, ta ce: "Malam, don Allah a sa mini hannu." Ko a jikinta. Na biyu, wani yaro ya nuna mini takardun darasi da malaminsu ke sayar masu jika uku, wanda bai saya ba kuma ya san makomarsa ranar jarrabawa. Babi uku nawa ne, har da kuskuren bugun da ke shafi na goma sha ɗaya. Sunan da ke sama ba nawa ba ne.

Dukansu kwafa suka yi ba da izinina ba. Me ya sa na farko ya ba ni dariya, na biyu ya hana ni barci?

Ita kanta dokar ba makauniya ba ce kamar yadda muke zato. Dokar farko ta haƙƙin mallakar rubutu, wadda aka yi a Ingila a 1710, a cikin sunanta ma an ce don ƙarfafa neman ilimi aka yi ta, kuma shekara 14 kawai ta ba marubuci, da damar sabuntawa sau ɗaya idan yana raye. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar ke cikinta, a yadda take a yau ta bar wa ƙasashe ƙofar amfani da rubutun wani wajen koyarwa, muddin an tsaya kan adalci an kuma ambaci mai shi. A Indiya an kai maganar gaban alƙali. A 2012 manyan kamfanonin ɗab'i, ciki har da na jami'o'in Oxford da Cambridge, suka kai ƙarar wani shagon fotokopi da ke harabar Jami'ar Delhi, saboda yana harhaɗa babobin littattafansu yana sayar wa ɗalibai. A 2016 babbar kotun Delhi ta ce kwafar da aka yi don darasi ba ta saɓa wa dokar ƙasar ba, a 2017 kuma kamfanonin suka janye ƙarar.

Ranar da na karanta labarin nan na ji daɗi, kamar ƙanena ne ya yi nasara. Daga baya na tuna kwalayen da ke ƙarƙashin gadona. Injin da ya ɗan yagi ribar Oxford shi ne yake cinye jarin mai rubutu a Damagaram ko Maraɗi gaba ɗaya. Oxford za ta buga wani gobe. Ni ban buga na biyu ba. Idan irina suka daina, jikokin ɗalibar nan za su ci gaba da layi a gaban inji da littafin Faransa a hannu, ko da a kan harshen uwarsu ne.

Saboda haka ba zan ce babu bashi ba. Akwai bashi, sai dai ba a wuyan yarinyar da ke zaɓa tsakanin littafi da abincin rana yake ba. Wanda ya sa littafi cikin manhaja shi ya kamata ya ɗauki nauyinsa. A Faransa, tun dokar 1995, jami'o'i na biyan kuɗi ga wata hukuma guda a madadin fotokopin da ake yi wa ɗalibai, ita kuma ta raba wa marubuta da masu ɗab'i. Mu ma muna da hukumar BNDA mai kula da haƙƙin masu ƙirƙira. Ko da ba a je nan ba, jami'ar da ta sayi littafi ashirin ta ajiye a ɗakin karatu ta sauke rabin nauyin.

Maganar malamin kuwa daban ce, kuma ba sai na buɗe kundin doka ba kafin in gane ta. Kakanninmu da kwafa suka yi ilimi. Almajiri ya ari littafi, ya zauna da tawada da alƙalami wata da watanni yana juyawa, babu wanda ya kira shi ɓarawo, lada ma ake sa masa rai da ita. Amma sunan mawallafi yana nan a farko inda yake, shi mai kwafa idan ya so ya rubuta nasa can a ƙarshe, yana roƙon a yi masa addu'a. Kuɗi ana iya yafe shi, ana iya ɗage shi, bayan wasu shekaru ma doka da kanta takan saki littafi ya zama na kowa. Suna kuwa shaida ne: ɗalibi ya san wa ya faɗi magana, ya san wa zai kama idan ta zama kuskure. Malamin da ya goge suna ya yi wa ɗalibansa ƙarya a kan inda iliminsa ya fito, alhali shi ne gobe zai kayar da su idan suka kwafi aikin wani.

Na sa wa ɗalibar hannu, na rubuta mata fatan alheri a kan bangon da hotonsa ya fito baƙi ƙirin. Malamin kuwa na same shi a ofis. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi, ya ce: "Haba Malam, ai ilimi na kowa ne." Na ce to me ya sa nasa yake jika uku? Ya yi dariya, ni ma na yi, muka koma hirar zafi da tsadar hatsi.

Da shekara ta kewayo yaron nan ya sake kawo mini takardun. An sa sunana a shafin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe. Kuɗin yana nan jika uku, kuskuren shafi na goma sha ɗaya ma ba a gyara shi ba.