Wa Ya Yi Karatu a Zango?

A zamanin Sarki Tanimu na Damagaram, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, fataken Gadamas da Tarabulus a unguwar Zango suke sauka. Wasiƙa da takardar bashi duk da Larabci ake rubuta su.

Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka kawo lakwal, wato makarantar boko. Sai ga gwanin da ke rubuta Alƙur'ani da ka an ƙidaya shi cikin marasa karatu, abin kunya ga mai ƙidayar.

To, takardar shaida ce ke tabbatar da ilimi? Iyaye da yawa ba su tsaya musu ba. Yaro ya ɗauki allo da asuba, ya tafi lakwal da hantsi, ko a kai shi makarantar Faranko-Arab, irin wadda aka fara buɗewa a Sayi a 1957.