Ɗan dabo ya faɗi, wa zai ɗauki nauyin maganar?

Duk wanda ya taɓa ganin mai dabo ran kasuwa ya san yadda abin yake. Mutum ne zai kafa sanda, ya yafa mata babbar riga, ya shige ƙarƙashi ya ɓace. Jim kaɗan sai ɗiyan dabo su leƙo ta wuyan rigar, suna magana da wata siririyar murya, abokin tafiyarsa kuwa yana waje, yana mayar wa jama'a abin da suka ce. Sana'ar daɗaɗɗiya ce: tun a shekarar 1935 wani Bature mai suna Ellison ya rubuta bayanin irin wannan wasa a ƙasar Barno, inda ake ce masa dogodogo.

Abincin mai dabo a kan hanya yake. Da an kammala kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai shi da abokansa su saɓa jaka su bi ranakun kasuwa, yau Gazawa, gobe Tasawa, gata su doshi Damagaram. Makwancinsu zauren maigari ko rumfar tasha, ladansu kuwa abin da aka jefa a tabarma. In sun sauka, aikinsu na farko saurare ne. Wajen mai shayi da bakin rijiya suke jin wane attajiri ne marowaci, wane alƙali ne ke karɓar na goro. Kashegari ɗan dabo ya fito da zancen fili, a yi ta dariya. Kafin gari ya sake wayewa sun yi gaba.

A nan tambayar take. Wanda ya ɓoye fuska, ya sauya murya, ya faɗi magana mai zafi sa'an nan ya bar gari, jarumi ne ko matsoraci?

Masu kare shi suna da hujja. Ɗan gari a ɗaure yake da bashi da surukuta da maƙwabtaka. Ya san gaskiya, amma bakinsa ya yi nauyi. Baƙo ba shi da gonar da za a ƙwace, saboda haka shi ke iya furta abin da ke cin kowa. Kuma da wasa ake faɗa wa wawa magana: babban mutum ba zai kai ƙarar guntun ice da tsumma ba, don kada ya ƙara zama abin dariya.

Masu suka ma ba su rasa tasu ba. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Abin da aka tsinta cikin dare guda yana iya zama ƙazafi, kuma magana a bainar jama'a jifa ce a kasuwa. In ta faɗa kan bazawara ko bawan Allah da ba shi da mai tsaya masa, mai dabo ya tafi da kuɗinsa, su kuwa ya bar su da tabo. Masu wasan kara na Damagaram, da ke kwaikwayon manya, a cikin garin suke kwana, gobe su haɗu da wanda suka kwaikwaya. Wannan haɗuwa ita ke sa harshe ya auna kalma.

Zamani ya ƙara wa tambayar nauyi. Akwai ƙungiyoyin da ke yawo da ƴan tsana cikin mota, suna faɗakarwa kan rigakafi ko auren wuri, da kuɗin wata hukuma. Saƙon na iya zama alheri, amma ya kamata mai kallo ya san hannun wa ke cikin rigar.

A ganina, ma'aunin biyu ne. Na farko, ina maganar ta dosa: kan mai ƙarfi, ko kan wanda ya riga ya faɗi? Na biyu, shin mai wasan zai iya komawa? Hanyar kasuwa zagaye take yi, baɗi war haka za ta maido shi Tasawa. Wanda ya yi wasa yana sane da cewa zai sake neman masauki a zauren nan, fuskarsa a buɗe, ya ɗauki nauyin abin da ɗan dabonsa ya faɗa. Wanda kuwa dole ya kauce wa wani gari saboda wani mara gata da ya tozarta, shi ya san ba tsumman ne ya yi magana ba.